Notuna Goma na Tayar Gaba

Samari uku ne suka tare ni a shagon aski na Titi na 125, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sun ji an ce na yi soja, sai babbansu ya ce, "Baba Sajan, mu ma rizaf za mu shiga." Wai an gaya musu aikin kwana biyu ne a wata da mako biyu a shekara, a biya wa mutum makaranta, sauran lokacin ya yi harkar gabansa. Ban ce musu komai ba a wurin, don mai aski ya riga ya ɗora mini reza a wuya. To ga amsar yanzu. Wanda bai iya karanta Hausa ba a cikinsu ya nemi mai karanta masa, tunda na san jin ta suke yi, in za su mayar sai da Turanci.

Sunana Bukari. A Zangon Kumasi aka haife ni, can na koyi gyaran mota. A can fita ake ce mana, a nan makanike. Da na zo New York na fara da sayar da jakunkuna a tebur a bakin wannan titin, har aka tashe mu. Bayan takarduna sun fito na shiga soja, ina da shekara ashirin da tara, aka sa ni ɓangaren gyaran manyan motoci. Shekara goma sha biyu na yi ina kwana ina tashi a bariki, sau biyu aka kai ni hamada. Na ajiye aiki da igiyar sajan, saboda matata Adiza ta gaji da rainon yara ita kaɗai, ni ma na gaji da ganinsu a hoto.

Wanda bai cika shekara ashirin ba, ba shi da fansho. A ofishin sallama wani jami'i ya zaunar da ni ya ce kada in zubar da shekara goma sha biyu a banza, in shiga rizaf. Rizaf su ne sojojin ko-ta-kwana: kana gidanka, kana aikinka na farar hula, amma kakinka yana rataye, ana iya kiranka kowane lokaci. Ya ce shekara takwas kacal ta rage mini, ta Asabar da Lahadi, in na kai sittin in fara karɓar fansho. Na sa hannu a ranar.

Kafin in shiga labarin rizaf, bari in gaya muku yadda ake ɗaura taya, don komai nawa a kanta ya ƙare. Aikina na farko a bariki shi ne canza tayoyin wata babbar motar ɗaukar kaya. Na ɗaure notunan da bindigar iska, wato injin da ke juya noti da ƙarfin iska, na tsaya ina jiran yabo. A Kumasi ai bututu muke zura wa sifana mu hau mu yi tsalle. Wani tsohon sajan baƙar fata ɗan kudu, muna kiransa Sajan Mak, ya zo da wata doguwar sifana da ta kai mini ƙirji. Ya ɗora ta a noti na farko ya ja, notin ya motsa. Ya je na biyu, ya motsa. Bai yi mini faɗa ba, ya ce in kwance duk tayoyin motar in sake.

Wannan ita ce sifanar awo. Akwai lamba a jikinta, kana saita ta daidai da abin da littafin motar ya ce. Sai ka kafa ƙafa ka ja a hankali, ba fizga ba, har ka ji ta yi ƙas. Ba a bin notunan a jere, tsallakawa ake yi, na sama sannan na ƙasa, na dama sannan na hagu, don tayar ta zauna daidai. In ka gama sai ka ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfen taya. Sajan Mak ya ce bindigar iska tana da ƙara amma ba ta da gaskiya, sifana ce kaɗai ke faɗa maka abin da ke ciki. Ya ce layin fentin nan rantsuwa ce, direba ba zai tambaye ka ba, layin zai duba ya hau. Shekara goma sha biyu ban taɓa shafa fenti a notin da ban ja ba.

Asabar ta farko da na shiga garejin rizaf, na murza makullin mota takwas, uku suka tashi. A bariki mota kullum tana tafiya, makanike kullum yana kusa da ita. A nan kuwa kwana ashirin da takwas take yi a tsaye cikin ruwa da dusar ƙanƙara, ba mai leƙa ta. Batir ya mutu, ruwa ya taru a tankin mai, roba ta bushe ta tsattsage. Na buɗe wata na tarar ɓeraye sun yi gida a kan injin, sun cinye wayoyi kamar an yanka da almakashi. Injin iskar garejin ma ya tsufa, sai ka yi ta jira kafin ya tara abin kirki. Kayan gyara in ka nema a bazara, sai sanyi ya kama kafin su iso, wani lokaci su zo ba su ne ba.

Kwana biyun da ake gaya muku ma ba naku ba ne. Da safe fareti da kiran suna. Daga nan a tura ku gaban kwamfuta ku yi darasin da kuka yi bara. Sai layin allura, layin gwajin fitsari, layin duba haƙori, sai fom da ya ɓace a sake cikawa. In na samu awa biyar riƙe da sifana a cikin kwana biyun nan, na gode wa Allah. A cikin awa biyar ɗin ake so in yi abin da a bariki mutum shida ke yi cikin wata.

Direbobinmu kuwa, su ne kwastomomina, mutanen kirki ne amma kowa da inda hankalinsa yake. Akwai malamin makaranta, akwai nas, akwai mai raba wasiƙa, kyaftin ɗinmu ma a banki yake aiki. Mutum ya yi wata bai taɓa babbar mota ba, ya hau ya manta birkin iska sai ya cika kafin a motsa. Wani ya zo ya ce mini motarsa tana wani ƙara. In ce daga ina, ya ce daga ƙasa. Wata rana na yi awa biyu a ƙarƙashin mota ina neman ƙara, ashe gorar ruwan direban ce ke birgima a bayan kujera.

Ranar Litinin kuma ka koma aikin da ke ciyar da kai. Ni a filin jirgi na samu, a garejin wani kamfani, muna gyara ƙananan taraktocin da ke jan kayan fasinja. Muka kama gida a unguwar Jamaica, nan cikin New York, don ya fi kusa. Doka ta ce dole maigidanka ya bar ka ka je atisaye, kuma suna bari. Amma dokar ba ta ce ya so ka ba. In ana neman wanda za a ɗaga, sai a tuna kai ne mai ɓacewa mako biyu lokacin da aiki ya fi yawa. Duk wata akwai lokacin da nake jera kwana goma sha biyu ban huta ba, biyar a filin jirgi, biyu a kaki, biyar a filin jirgi. Mai shekara ashirin ba zai ji ba. Ni na haura arba'in.

Aiki ɗaya nake tunawa da daɗi, na shekarar da guguwa ta turo ruwan teku cikin gari. An kira mu muka kai injinan zuƙar ruwa tsibirin Staten Island. Kwana tara ina tsaye cikin ruwan gishiri ina wanke matatar mai, ina tayar da injin da ya shaƙe. Tsofaffi suna miƙo mana kofi ta taga. A can Issifu ya gan ni.

Issifu ɗan unguwarmu ne a Kumasi, gidansu yana kallon namu, na girme shi da shekara goma, Yaya yake ce mini. Bas ɗin 'yan makaranta yake tuƙawa, matarsa Memuna tana da ɗan shago a unguwar Tompkinsville da ke tsibirin, tana sayar da gari da doya da manja. Ya ga mutane suna gode mana a titi, abin ya shige shi. Ya ce yana so ya shiga amma yana tsoro. Ni na ce masa kwana biyu ne a wata. Ni na kai shi ofishin ɗaukar soja da motata, na kuma nuna masa yadda zai nemi a kawo shi rundunarmu. Ya zama direban da ya fi kowa a wurinmu, don shi kullum yana kan sitiyari. Shi kaɗai ne in ya ce mota tana ƙara, zai gaya maka daga wace taya.

Kafaɗata ta dama a filin jirgi ta lalace, ba a soja ba. Cikin sanyi ne, ina ɗauke da batir na taka ƙanƙara na zame, na ƙi sakin batir ɗin. Na ji wani abu ya tsinke a ciki. Likita ya ce sai an yi aiki, sannan in yi watanni ban ɗaga komai ba. Lokacin ina da shekara goma sha shida a lissafin soja. A rizaf shekara ba ta shiga lissafi sai ka halarci abin da ya isa, in ka gaza sai a ce shekarar ba ta yi kyau ba, kamar ba ka yi ta ba. Na kuma ga mutanen da aka tura wurin likitocin soja ba su dawo ba. Sai na yi shiru. Ina haɗiyar ƙwayar ciwo, ina ja da hagu in ba mai kallo. Adiza ce kaɗai ta sani, don ita ke sa mini riga.

Haka na lallaɓa har bazarar shekarar da ta biyo. Za mu tafi atisayen mako biyu a wani sansani mai nisa, da ayarin mota goma sha huɗu. Umarni ya zo cewa a canza tayoyin gaba na mota bakwai, don sun tsufa. Tayoyin ba su iso ba sai ana gobe tafiya. Makanikai huɗu ne mu, amma da rana aka kira uku su je su ƙarasa darasin kwamfuta, ba wanda zai tafi sai ya gama. Na zauna ni kaɗai.

Na gama mota shida yadda ya kamata. Taya goma sha biyu, kowace noti goma, kowane noti sai da na ji ƙas. Na yi ta bakwai gefen hagu da ƙyar. Da na zo tayar dama, ta ƙarshe, na ɗora sifana na ja, hannun ya ƙi. Ba ciwo ne kawai ba, hannun ne ya daina amsawa, kamar na wani. Na gwada da hagu, ban kai ba. Na jingina ƙirji na tura, sifanar ta zame. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in fita in kira wani. Amma duk wanda na kira zai tambaya me ya samu sajan da ba zai iya jan noti goma ba, Litinin kuma maganar ta kai ofis. Na ɗauki bindigar iska na bi notunan sau biyu. Na san injin iskar nan, na san ba ya kai ƙarfin da ake so. Na ce a raina sau biyu ai ya isa. Na ɗauko fenti na ja layi goma, na sa hannu a takarda.

Da safe aka liƙa sunayen direbobi. Na ga sunan Issifu a kan wannan motar. Ina tsaye ina karantawa ya zo ya dafa ni, ya ce Memuna ta soya mana kifi da shito, soyayyen yajin nan namu na gida, yana cikin jakarsa, in mun isa za mu ci. Motoci suna ta ɗumi, saura minti ashirin. Minti biyar ya isa a ja noti goma. Na ce masa Allah ya kai mu lafiya, na wuce motar jan waɗanda suka lalace, wadda ke tafiya a ƙarshen ayari.

A tsayawar farko doka ce makanike ya sake bin sababbin tayoyi da sifana. Na bi su da ido. Layukan fenti suna nan daidai, na wuce.

Bayan kamar awa uku muka shiga tsaunuka. A wata gangara mai kwana na ga motocin gabana suna kunna wutar birki, sai na hangi taya ita kaɗai tana gudu a kan ciyawa, ta tsallake wani ɗan rafi ta faɗi. Motar Issifu tana kwance a kan gefenta cikin kwari. Matar da ke zaune kusa da shi, nas ɗin nan, ta fito ta taga da jini a goshi. Shi kuwa gaban motar ya danne masa ƙafafu. Na rarrafa na shiga inda gilashi ya fashe. Idonsa biyu. Ya dube ni ya ce, "Yaya, wallahi ban yi gudu ba."

Sai da 'yan kwana-kwana suka zo da injin yanka ƙarfe aka ciro shi. Ni aka sa in tattara abin da ya warwatse a hanya. Ramukan tayar sun zama dogaye saboda ta daɗe tana wasa. Na tsinci noti huɗu a bakin kwalta, kowanne da layin fentina a kai.

Jami'in da aka turo bincike mutum ne mai sanyi. Ya fara da tambayar yaushe aka auna sifanar, ya tambayi injin iska, ya tambayi ko notunan sababbi ne. Hanyoyin da zan kuɓuta a buɗe suke. Na ce masa sifanar lafiyarta ƙalau, ban dai ɗora ta ba. Ya ajiye biro ya ce in sake faɗa. Na sake, na cire riga na nuna masa iyakar inda hannuna ke kaiwa. An rage mini igiya, aka rubuta cewa ba za a sabunta mini kwantiragi ba. Likitan soja da ya duba ni daga baya shi ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce wanda ya haura shekara goma sha biyar, in jikinsa ya gaza, akwai hanyar da ake sallamarsa da takardar fansho. Da na kawo kaina ranar da na zame, da wataƙila ta nan aka bi da ni. Na fita da shekara goma sha bakwai da 'yan watanni, da jaka ɗaya ta kaki.

Issifu an yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, ta dama an cika ta da ƙarfe. Da yake a bakin aiki abin ya same shi, soja suna kula da maganinsa, wannan kam ba zan ɓoye ba. Amma aikin bas ya tafi. Ni kuma an yi mini aikin kafaɗa a makare, hannun ba ya wuce daidai kunne. A filin jirgi yanzu a ɗakin ajiya nake zaune, ina miƙa wa makanikai kayan gyara ta taga. Akwatin kayan aikina na Kumasi da na bariki yana ƙarƙashin gado.

To ku samari, ban ce kada ku shiga ba. Akwai waɗanda suka cika ashirin ɗinsu lafiya, na san su. Amma ku san motar ba ta san kai ɗan Asabar da Lahadi ba ne. Nauyinta ɗaya da ta bariki, gangara ɗaya take sauka, kuma kai za ka zo mata a gajiye, da ciwon da ka ɗauko daga wani aikin, da tsoron kada a ga ciwon.

Shekara guda Memuna ba ta amsa sallamata ba. Na je asibiti sau uku ta tsaya a ƙofa. Sai bara Issifu ya kira ni da kansa ya ce in zo. Na hau jirgin ruwa na haye, na hau tudun Tompkinsville da ƙafa. Na same shi a bayan teburin shago yana ɗaure gari a leda, sandunansa a jingine da buhun shinkafa. Memuna ta gan ni ta shige ciki. Muka gaisa, ya tambayi Adiza da yara, ya ba ni labarin waɗanda suka rasu a Zango. Wata mata ta shigo ta sayi manja ta fita. Na fara abin da na shirya faɗa tun a cikin jirgi, ya ɗaga hannu ya ce ya karanta takardar binciken, ya san komai, abu ɗaya kawai yake so ya tambaya.

Ya ce, "Da ƙarfe nawa ka yi tayar nan?"

Na ce wajen ƙarfe huɗu na yamma.

Ya ƙarasa zuba gari a ledar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ƙarfe huɗu na gama darasina. Ina zaune a kan benci a bayan garejin ina shan shayi, ina jin ƙarar bindigarka. Har na ce bari in leƙo in taya ka, sai na ce Yaya ba ya son a dame shi in yana aiki." Ya ɗaure bakin ledar ya ajiye. "Da ni ka kira, ai ba wanda zai ji."

Aka kira la'asar a wayarsa. Ya ce in miƙo masa sandunan, in kuma riƙe shi ta hagu, don matakalar bayan shagon tana da santsi.